Gyaran Mulki a Zauren Lugard

Zauren Lugard gini ne a Kaduna, arewa da kogi, inda Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakunan Jihar Arewa suka riƙa zama a ƙarshen mulkin Turawan Ingila. Nan aka yi ta jayayya kan ko a sakar wa talaka ragamar zaɓe.

A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya kawo ƙudurin gyara tsarin En'e. Turawa sun yarda da gyara, amma sannu a hankali, don da sarakuna suke mulki. Tun kafin haka, Gwamna Macpherson ya sa an nemi shawarar jama'a kan sabon tsarin mulki tun daga ƙauyuka, sai dai muryar hakimai da dagatai ce ta fi isa Kaduna. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: 'yan jam'iyyar NEPU suka taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, aka zubar da su a matakin ƙarshe. Wannan ba ƙaramin tauye haƙƙi ba ne.

Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, matanta kuwa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976.