Matakai Takwas: Yadda Jarrabawar Fiyano Ta Shiga Tarbiyyar Yaran Birtaniya

Fiyano na zamani abin kiɗa ne mai madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, wanda idan aka danna ɗaya daga cikinsu sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiyar ƙarfe da ke miƙe a cikin akwatin, ƙarfin sautin kuwa yakan biyo ƙarfin yatsan da ya danna. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera na farko a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, amma sai da aka shafe fiye da ƙarni guda kafin abin ya fito daga fadoji da gidajen attajirai ya shiga falon akawu da mai kanti. A Birtaniya wannan sauyi ya haifar da wata al'ada da ta fi masana'antun fiyanon ƙasar tsawon rai, wato sa yaro ya fara koyo tun yana ɗan shekara shida ko bakwai, ya riƙa hawa matakan jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na takwas daidai lokacin da yake shirin barin sakandare.

Tun daga shekarun 1760, lokacin da Johannes Zumpe ya fara ƙera ƙananan fiyano masu sauƙin kuɗi a Landan, sannan kamfanin Broadwood ya bunƙasa sana'ar, birnin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin wannan kaya. A ƙarni na 19 aka yawaita ƙera samfurin da ke tsaye a jingine da bango, wanda ba ya cin fili, dillalai kuma suka ɓullo da tsarin biya kaɗan-kaɗan na shekara uku, ta yadda mai ƙaramin albashi zai ɗauki kayan yau ya gama biya daga baya. Masanin tarihi Cyril Ehrlich ya kiyasta cewa zuwa 1910 akwai fiyano tsakanin miliyan 2 zuwa 4 a Birtaniya. Mallakarsa ta zama shaidar rufin asiri da wayewa, iya kaɗa shi kuma ya shiga cikin abubuwan da ake so budurwar gidan mutunci ta iya, shi ya sa 'yan mata suka fi yawa a cikin masu koyo, mata kuma suka cika sana'ar koyarwa, domin tana cikin 'yan ayyukan da mace mai ilimi za ta yi a wancan zamani ba tare da an zunɗe ta ba.

Daga nan matsala ta taso. Kowa na iya rataye allo a ƙofar gidansa ya ce shi malamin kiɗa ne, iyayen da suke biyan kuɗin darasi kuwa yawancinsu ba su taɓa koyon kiɗa ba, don haka ba su da hanyar bambanta gwani da ɗan koyo. Kwalejin Trinity ta Landan ce ta fara cike wannan giɓi da jarrabawar da ta soma shiryawa a garuruwa a 1877. A 1889 manyan makarantun kiɗa biyu na masarauta, Royal Academy of Music ƙarƙashin Alexander Mackenzie da Royal College of Music ƙarƙashin George Grove, suka haɗa kai suka kafa hukumar jarrabawa ta haɗin gwiwa, wadda a yau aka fi sani da ABRSM, kuma a zagayenta na farko a 1890 mutum 1,141 suka zauna a cibiyoyi 46, a matakai biyu kacal, na ƙanana da na manya. Abin lura shi ne, ko da yake yaro ake zaunarwa a gaban fiyano, malaminsa ake aunawa a fakaice, domin sakamakon ɗalibai shi ne tallar malami, takardar shaidar kuma ita ce rasiɗin da ke gamsar da uba cewa kuɗinsa bai faɗa rijiya ba. Wanda bai fahimci wannan asali ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa tsarin ya fi son abin da ake iya ƙirgawa a ba shi maki.

Jarrabawar ABRSM ta bi sawun daular Birtaniya cikin gaggawa. A farkon shekarun 1890 aka fara gudanar da ita a yankin Cape na Afirka ta Kudu, kafin ƙarnin ya ƙare ta isa Ostireliya da Kanada, inda masu jarrabawa kan shafe watanni a jirgin ruwa da na ƙasa suna bin gari-gari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi jijiya a Malesiya, Singafo da Hong Kong, waɗanda har yau suna cikin manyan kasuwanninta, kuma a Legas ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 tana gudanar da tata jarrabawa mai matakai bisa irin wannan fasali.

A 1933 aka daidaita tsarin a kan matakai takwas da ake amfani da su har yanzu. A jarrabawar fiyano ta gargajiya, ɗalibi yakan kaɗa kiɗa uku da ya zaɓa daga jerin da hukuma ta fitar, kowanne da maki 30. Sai jerin sautuka hawa da sauka, waɗanda su ne atisayen yatsu, da maki 21. Sai karatun ido-da-ido, wato a miƙa masa rubutaccen kiɗan da bai taɓa gani ba, ya duba na ɗan lokaci ya kaɗa, shi ma da maki 21. Sai gwajin kunne da maki 18. Jimilla maki 150 ke nan, ana cin jarrabawa da 100, a sami yabo da 120, a sami daraja ta ƙoli da 130. Ba a barin ɗalibi ya shiga mataki na shida sai ya ci mataki na biyar a ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa. Jarrabawar mataki na farko ba ta wuce minti goma sha biyu, ta takwas kuwa takan kai rabin awa.

Abin da wannan tsani yake yi wa halin yaro ya fi abin da yake yi wa yatsunsa muhimmanci. Wanda ya hau shi daga ƙasa har sama ya shafe kusan shekara goma yana zama shi kaɗai a kowace rana, yana maimaita layi ɗaya har hannu ya haddace, yana jin kuskurensa da kunnensa nan take ba tare da wani ya nuna masa ba, domin fiyano ba ya rufa wa kowa asiri. Ya koyi raba aiki mai wuya gida-gida, hannun dama dabam, na hagu dabam, a hankali tukuna sannan da sauri, kuma ya saba da aikin da ribarsa ba ta bayyana sai bayan watanni. Kusan kowace shekara yakan shiga ɗaki inda baƙon da bai san shi ba, bai san iyayensa ba, yake zaune da biro, kuma abin da ake koya masa tun farko shi ne idan yatsa ya zame kada ya tsaya, ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Matashin da ya kai shekara goma sha takwas da irin wannan sabo yana shiga zauren jarrabawar ƙarshe ta sakandare ko ganawar neman gurbin jami'a da wata natsuwa da tsaransa da yawa ba su samu damar ginawa ba.

Sai dai akwai abin da tsanin ya bari a ƙasa, kuma rashin ba ƙarami ba ne. Bach, Mozart da Beethoven, waɗanda ayyukansu suka cika jerin kiɗan jarrabawa, duk sun shahara a zamaninsu da ƙirƙirar kiɗa nan take a gaban jama'a, amma wannan fasaha ba ta da gurbi a jarrabawar da yawancin yara suke zama. Malamai da dama, saboda sunansu ya rataya a kan sakamako, sukan tsare ɗalibi a kan kiɗa uku shekara guda cur, har a wayi gari da matashi mai takardar mataki na takwas wanda ba zai iya raka waƙar da 'yan uwansa suke rerawa a biki ba sai an ajiye masa takarda a gaba. Ɗalibai da yawa kuma sukan rufe fiyano daga ranar da suka karɓi shaidar ƙarshe, kasancewar abin da aka ɗora su a kai hawa ne, hawan kuma ya ƙare.

Ana yawan da'awar cewa darasin fiyano yana ƙara ƙwaƙwalwa, amma binciken da aka tsara da kyau ya fi taka-tsantsan. Eugenia Costa-Giomi ta bi yara 117 na makarantun gwamnati a birnin Montreal na Kanada, inda aka ba wasunsu fiyano da darasi kyauta na shekara uku, ta tarar cewa darajar da suke gani a kansu ta ƙaru, amma makinsu a lissafi da harshe bai zarce na sauran ba. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike masu yawa, suka nuna cewa tasirin da ake gani kan ɓace idan aka kwatanta yaran da wasu da aka ba wani horo na daban. Ƙwazon da ake gani ga masu kaɗa fiyano a makaranta, wani sashe mai yawa nasa daga gida yake fitowa, gidan da ke da kuɗin darasi na shekara goma, da ɗakin da za a ajiye kayan, da uwa ko uba mai lokacin zama kusa da yaro.

Wannan ne ya sa matsayin takardar a ƙofar jami'a ya cancanci a dube shi da idon basira. Hukumar UCAS, wadda ake neman gurbin jami'a ta hannunta a Birtaniya, tana ba matakai na shida zuwa takwas maki, har daraja ta ƙoli a mataki na takwas ta kai maki 30, alhali sakamakon C a darasi guda na jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wato A-level, maki 32 ne. Ba duka jami'o'i ke karɓar waɗannan maki ba, amma inda ake karɓa, ɗan mai hali yana shiga takara da guzurin da aka fara tara masa tun yana firamare. A 2020, lokacin annobar korona, ABRSM ta ƙaddamar da wata sabuwar jarrabawa da ake ɗauka a bidiyo, inda ɗalibi ke kaɗa kiɗa huɗu a jere, ba jerin sautuka, ba karatun ido-da-ido, ba gwajin kunne. Ta sauƙaƙa wa na nesa da masu fargabar baƙon ido, kuma makinta a UCAS ɗaya ne da na tsohuwar, amma sassan da ta cire su ne waɗanda suke nuna ko matashi zai iya ɗaukar kiɗan da ba a koya masa ba ya kaɗa shi da kansa bayan ya rabu da malami.