Daga Safar Misira Zuwa Jar Dara: Tarihin Saƙar Tsinke

Wata safiya a hunturun da ya wuce, muna tsaye a filin taron ɗalibai na makarantar da muke koyarwa, sai idonmu ya kai kan rigunan sanyin da yara suka ɗora bisa kayan makaranta. Kusan dukkansu na gwanjo ne, in ban da ta wata yarinya 'yar aji biyu, wadda ke sanye da shuɗiyar riga saƙar hannu, mai wani zane kamar tufkar igiya daga kafaɗa har ƙugu. Muka tambaye ta wa ya saƙa, ta ce kakarta. Muka ce yaya sunan wannan zane, ta ce ba ta sani ba, kuma kakar ta rasu bara, babu wanda ya koya a gidan.

Da muka koma ɗakin malamai sai gardama ta tashi. Wani abokin aikinmu ya ce ai babu wata asara, saƙar ulu aikin matan Turawa ne da suka kawo mana ta makarantun boko. Wannan magana ita ta sa muka koma ga littattafai, kuma abin da muka samu shi ne muke son gabatar wa 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, domin akwai darasin da ya shafi alƙalaminmu a ciki.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance. Bahaushe yana kiran abubuwa da yawa saƙa. Akwai ta masaƙa, mai ƙoshiya da zaren tsaye da na kwance, wadda ke ba mu saƙi da gwado. Akwai ta kwarashi, mai ƙugiya ɗaya. Wadda muke magana a kanta ita ce ta tsinke biyu ko fiye, inda zare guda ɗaya tak ake ta zargawa cikin kansa, zarge bisa zarge, layi bisa layi, har ya zama hula ko safa ko riga. Sirrinta shi ne tana miƙewa ta kuma koma, shi ya sa ta fi dacewa da kai da ƙafa da hannu.

Inda aka fara ganin ta

A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wata jar safa ta ulu da aka tono a Misira, wadda aka yi tsakanin shekara ta 250 da 420. Tana da tsaga a wajen yatsu don a sa ta da takalmi mai igiya. Da farko an ɗauka saƙar tsinke ce, amma da masana suka bi zaren a hankali sai suka gane da allura guda aka yi ta, ana ɗaure gajerun zaruruwa ɗaya bayan ɗaya. Wato yayar saƙar tsinke ce, ta riga ta zuwa duniya.

Tsofaffin kayan da aka tabbatar saƙar tsinke ne su ma daga Misira suka fito, amma daga zamanin Musulunci, tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Safuna ne na zaren auduga, fari da shuɗin baba, irin launin da marinanmu na Ƙofar Mata suka sani. An ƙawata su da zane mai kusurwa, wasu kuma an saƙa kalmomin Larabci a jikinsu da salon rubutun Kufi. Duk wanda ya taɓa riƙe tsinke ya san saƙa da zare biyu masu launi daban, da juya dunduniyar safa, aiki ne na gwanaye. Saboda haka sana'ar ta daɗe kafin a kai ga waɗannan safuna, sai dai auduga da ulu ba sa jure zaman ƙasa, busasshen yashin Misira ne kawai ya adana mana waɗannan.

Daga nan sai mu tsallaka zuwa Sifen, wadda Musulmi suka daɗe suna mulkin wani ɓangarenta da sunan Andalus. A wani gidan ibada na Kirista mai suna Las Huelgas, kusa da birnin Burgos, akwai kabarin wani ɗan sarki, Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275. Da aka buɗe kabarin an tarar da matashin kai na siliki, saƙar tsinke, mai laushin aiki ƙwarai, kusan zarge 20 a kowane inci. A gefensa an saƙa kalmar "baraka" da Larabci. Wannan ya sa masana suke ganin masu sana'a Musulmi ne suka yi wa gidan sarautar Kirista wannan aiki. Ga kaya, ga addu'a a jiki, amma sunan mai saƙar bai zo mana ba.

Yadda hular Tunis ta iso Kano

Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, zaman Musulmi a Sifen ya yi ta tsanani, har a 1609 Sarki Filib na Uku ya ba da umarnin korar zuriyarsu baki ɗaya. Cikin shekaru biyar aka fitar da mutane wajen 300,000. Dubbai masu yawa daga cikinsu suka sauka Tunis, inda mai mulkin lokacin, Usman Dey, ya karɓe su hannu biyu. Masana tarihi suna danganta bunƙasar sana'ar hular da Larabawan can ke kira shashiya da zuwan waɗannan baƙi. Sana'ar ta yi ƙarfi har wajen 1691 aka gina mata kasuwa ta kanta a tsakiyar birnin, tana da shugaba da dokokin koyo da na ingancin kaya.

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa wannan hula, da ake gani kamar an yanko ta daga bargo, saƙar tsinke ce. Mata ne ke fara saƙa ta a gida da farin ulu, ta fito ƙatuwa sakwaf, ta ninka girman kai. Sai a kai ta garin Battan, bakin kogin Majarda, a jiƙa ta da ruwa da sabulu a yi ta bugu har ta tsuke, zaren ya haɗe ya ɓace wa ido. Daga nan a taje ta da ƙayar wani tsiro don gashinta ya tashi, a sausaye da almakashi, a rina ta ja, aikin da garin Zagwan ya yi suna a kansa saboda kyan ruwansa. A ƙarshe a matse ta ta ɗauki siffa, maigidan sana'a ya ɗinka alamarsa a ciki. Alamar tasa ce ke tafiya duniya, matar da ta yi zargen farko kuwa ba a san ta ba.

Wannan irin hula ita Bahaushe ke kira dara. Ayarin fatake na hamada, waɗanda ke tasowa daga Tarabulus da Gadamas su biyo ta Gat da Agadas da Damagaram, su suka riƙa kawo ta Kasuwar Kurmi tare da alharini da takarda da turare. Ta zama abin da sarakuna da malamai da attajirai ke naɗa rawani a kai. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin hamada ya durƙushe, huluna masu kama da ita na masana'antun Turai suka riƙa shigowa ta bakin teku. Duk da haka jar hula ba ta bar kan Bahaushe ba, har ta zama alamar da ake tuna Malam Aminu Kano da ita. Ashe ke nan, tun kafin a buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, inda aka koyar da ɗinki da aikin hannu irin na Turawa, kakanninmu suna ɗauke da saƙar tsinke a bisa kawunansu. Abokin aikinmu yana da gaskiya cewa riƙe tsinke a hannun matanmu ta makaranta ya yaɗu, amma sana'ar kanta ta girmi wannan da ƙarni da yawa.

Abin da ya faru a Ingila

A Ingila saƙa ta zama abincin talakawa maza da mata da yara. A 1571 majalisarsu ta yi doka cewa talakawa daga mai shekara shida zuwa sama su sa hular ulu saƙar ƙasar ranar Lahadi da ranakun bukukuwa, ko su biya tara, don masu sana'ar su sami ciniki. A 1589 wani mutum mai suna William Lee, daga ƙauyen Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera na'urar saƙa safa. Bai sami goyon bayan da yake nema a gida ba, ya ƙaura Faransa, amma na'urar ta rayu bayansa, ta kuma haifar da babbar masana'anta a yankinsu.

Shekara 200 da ɗoriya bayan haka, a 1811, masu saƙa na Nottingham suka tayar da bore suna farfasa na'urori, saboda an rage musu lada ana kuma cika kasuwa da kaya marasa ƙarko. A 1812 majalisa ta yanke hukuncin kisa ga duk wanda ya fasa na'urar saƙa. Wanda ya miƙe a majalisar dattawa ya kare masu saƙar nan marubuci ne, mawaƙi Lord Byron, kuma wannan ne jawabinsa na farko a zauren. Dokar ta wuce duk da haka, amma jawabin yana nan a rubuce, ana karanta shi.

Har zuwa wannan lokaci, yawancin zane da salon saƙa daga hannu zuwa hannu ake koyon su, uwa ta nuna wa 'ya. A 1840 wata mai shagon zare a Edinbara, Jane Gaugain, ta buga littafin koyar da saƙa inda ta yi amfani da haruffa a matsayin alamar kowane irin zarge, da lambobi na yawan da za a yi a layi. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai. Daga irin wannan ƙoƙari ne aka sami rubutaccen tsarin saƙa, wanda mace a wani gari za ta bi ta fitar da safar da wata ta ƙirƙiro a wata ƙasa, ko da mai ƙirƙirar ta daɗe a kabari.

Inda babu rubutu, tatsuniya kan shiga

A yammacin Ayalan akwai tsibiran Aran, inda masunta ke zaune. Farar rigar sanyinsu mai zanen tufkar igiya, irin na rigar ɗalibarmu, ta yi suna a duniya. An daɗe ana yaɗa cewa rigar ta shekara ɗaruruwa, kuma wai kowane gida yana da zanensa, ta yadda in teku ta cinye masunci za a gane gawarsa da rigarsa. Labari ne mai taɓa zuciya, ya kuma sayar da riguna masu yawa. Amma masu bincike, cikinsu har da Richard Rutt, wani bishop na Ingila da ya buga tarihin saƙar hannu a 1987, sun nuna cewa rigar ba ta wuce farkon ƙarni na 20 ba, kuma babu shaidar zanen gida-gida.

Ana ganin ɗaya daga tushen labarin shi ne wasan kwaikwayon J. M. Synge na 1904, Riders to the Sea, inda wata yarinya ta gane safar ɗan'uwanta da ya nutse ta hanyar ƙirga zargen da ita kanta ta yi. Synge bai yi ƙarya ba, wasa ya rubuta. 'Yan kasuwa ne suka ɗauki wasan suka mai da shi tarihi, don matan Aran ba su bar rubutu ba, kuma ba a tambaye su da wuri ba.

Abin da ya rage gare mu

Mu da muka tashi a shekarun baya mun ga iyayenmu mata da yayyenmu suna zaune a tsakar gida da ƙunshin ulu a cinya. In mace ta kusa haihuwa, ƙawarta kan saƙa wa jariri hula da safa da 'yar riga, ta kai ranar suna, kuma wannan kyauta ta fi kuɗi daraja don an san dare nawa ta ci. 'Yan makarantar kwana sukan koya wa juna sabon zane, su rubuta ƙidayar a bayan littafin aikin gida. Yau gwanjo da keken saƙa da kayan Sin sun rage masu wannan haƙuri. Ba mu ce a koma baya ba, araha tana da amfaninta ga talaka. Abin da muke tsoro shi ne a wayi gari sunayen da matanmu suka raɗa wa zane-zane, da yadda suke ƙirga zarge da Hausa, da waƙoƙin da suke yi a bakin aiki, duk sun bi su kushewa. Haka abin yake ga ɗinkin hula da aikin babbar riga, inda sunaye irin su aska takwas da aska biyu suka tsira saboda an rubuta su.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa, musamman masu tasowa da ke kukan rashin abin rubutawa, shawara guda. A nemi tsohuwa ɗaya mai saƙa a unguwa, a zauna da ita da takarda da biro. A tambaye ta wa ya koya mata, a wace shekara, nawa ake sayen ulu a lokacin, me ake kiran kowane zane, wa ta fara yi wa kyauta. A rubuta sunanta in ta yarda, a kuma rubuta abin da ta faɗa kamar yadda ta faɗe shi, ba tare da ƙarin gishiri ba. In marubuci yana son ya gina ƙagaggen labari a kai, to, ya gina, amma ya kira shi ƙagagge.

Mun nemi ɗalibar nan ta kawo rigar makaranta, malamar koyar da aikin gida ta zauna da ita kwana biyu tana ƙirga zarge tana rubutawa. Yanzu zanen yana cikin littafi, yara huɗu kuma sun fara gwada shi. Sunan da kakar ke kiransa da shi ne kawai ya kuɓuce mana. Allah ya ji ƙanta, mu kuma ya ba mu ikon rubuta na sauran tun suna raye, amin.