Yadda fitila da murhu ke shayar da kansu mai: tarihin dabarar da yadda take aiki

Duk wanda ya taɓa kwana da fitilar aci-balbal ya san halinta. Da farkon dare haskenta tar, can tsakar dare sai ta fara lumshewa, lagwani ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, alhali da sauran mai a kasko. Abin da ya faru shi ne man ya ja baya, ya yi wa bakin lagwani nisa. Mai fitila sai ya tashi ya ƙara mai ko ya karkata kasko. Wannan 'yar matsala ta cikin ɗaki ta ci wa masu ƙira tuwo a ƙwarya fiye da shekara dubu biyu, kuma dabarun da suka fito da su don magance ta suna nan har yau a cikin janareto, da tankin ruwan banɗaki, da manyan tukwanen tururi na masana'antu.

Tushen matsalar

Wuta ba ta cin mai yana ruwa. Lagwani ne ke zuƙo shi ta tsakanin zarurrukansa zuwa sama, zafi ya mayar da shi tururi, tururin ya kama. Saboda haka ƙarfin haske ya dogara ne da yawan man da ke isa bakin lagwani a kowane minti. In ya yi kaɗan, lagwanin kansa ne zai ƙone. In ya yi yawa, sai ya malalo, ko ya shaƙe wutar, ko ya ja ta zuwa inda ba a so.

Kafin zuwan kananzir, da man itatuwa da na dabbobi ake kunna fitila: man zaitun a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, man wani tsiro dangin kabeji da ake kira kolza a Faransa, man kifin whale a Ingila da Amurka, a ƙasar Hausa kuwa man gyaɗa da man kaɗe da man ja. Dukkansu masu kauri ne, ba sa hawa lagwani da nisa. Dole ne saman man ya tsaya dab da wuta, kuma ya ci gaba da tsayawa a nan duk da ana ƙona shi. Tambayar da masu ƙira suka fuskanta ke nan: yaya za a riƙe saman mai a wuri ɗaya ba tare da mutum ya tsaya a kai ba?

Daga Iskandariyya zuwa Bagadaza

Amsa ta farko da aka rubuta ta fito ne daga Girkawa. Philo, mutumin Bizantiya da ya rayu a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana fitilar da ke da rufaffen mazubin mai a sama da kaskonta. Idan mai ya ragu a kasko, bakin wani bututu sai ya buɗe, iska ta shiga mazubin, mai ya sauko. Da zarar man ya sake rufe bakin bututun, iska ta daina shiga, zubar ta tsaya.

Masu kiwon kaji sun san wannan dabara ko da ba su taɓa jin sunan Philo ba, don ita ce a jikin robar shan ruwan kaji da ake kifawa a kan faranti. Ruwan ba ya zubowa gaba ɗaya saboda iskar waje na danna saman wanda ke faranti, kuma babu hanyar da iska za ta shiga robar ta maye gurbin wanda zai fita. Sai kaji sun sha, ruwa ya ja baya, sannan a ga kumfa ta hau, wani ruwan ya sauko.

A ƙarni na tara Miladiyya, 'yan'uwa uku da aka fi sani da Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan 'ya'yan Musa ibn Shakir, sun yi aiki a Bagadaza ƙarƙashin halifofin Abbasiyya. Littafinsu Kitab al-Hiyal, wanda aka rubuta wajen shekarar 850, ya ƙunshi na'urori kusan 100. A cikinsu akwai fitilar da ke ƙara wa kanta mai, da wadda ke turo lagwaninta da kanta, da wadda ke juya garkuwarta ta tare iska don kada ta mutu. A mai turo lagwanin, wani abu mara nauyi ne ke yawo a saman mai. Yayin da man ke raguwa yana sauka, saukarsa na juya wani gargare mai haƙora, shi kuma ya tura lagwani gaba. Masanin Birtaniya Donald Hill ya fassara littafin zuwa Turanci a 1979, kuma tun daga nan masu tarihin injiniya suka ƙara ba shi matsayin da ya cancanta. A Turai, likitan nan ɗan Italiya Girolamo Cardano ya bayyana fitila mai irin wannan rufaffen mazubi a 1550, har aka riƙa kiranta da sunansa.

Shekaru saba'in na gasa a Turai

Abin ya zama na gaggawa bayan Aimé Argand, ɗan birnin Geneva, ya ƙera sabuwar fitila a farkon shekarun 1780, ya kuma yi mata rajista a Ingila a 1784. Lagwaninta zagayayye ne kamar bututu, iska na bi ta cikinsa da ta wajensa, ga kuma gilashi dogo da ke jan iskar sama. Haskenta ya kai na kyandir shida zuwa goma. To amma mai haske da yawa mai ci da yawa ne, lagwani kaɗai ba zai iya ɗauko mata man kolza daga ƙasa ba.

Sai aka koma wa dabarar Philo, aka ɗora mazubin mai a gefe, sama da wutar. Ta yi aiki, amma da aibi biyu. Mazubin na tare haske, ya jefa inuwa a rabin tebur. Na biyun ya fi damuwa: iskar da ke kulle a cikin mazubin tana kumbura idan ɗaki ya ɗumama, ta tura mai fiye da kima. Shi ya sa irin waɗannan fitilu ke da ɗan kofi a ƙasa don tarar abin da ya ɗiga.

Bernard Guillaume Carcel, maƙerin agogo a Paris, ya bi wata hanya a 1800. Ya mayar da mai gindin fitila, ya sa injin agogo da ake wanawa yana motsa ɗan famfo mai tura man sama. Famfon na kai fiye da abin da wuta ke buƙata, rarar tana sanyaya lagwani ta koma ƙasa. Da wannan aka rabu da inuwa, hasken kuma ya tsaya daram na sa'o'i. Daidaitonta ya kai har Faransa ta ɗauke ta ma'aunin haske: fitilar Carcel mai ƙona giram 42 na man kolza a sa'a ɗaya, wadda haskenta ya kusa na kyandir goma. Sai dai tana da tsada, in ta lalace kuma sai an nemi mai gyaran agogo. Gidajen masu hali ne suka more ta.

Wadda ta shiga gidaje da yawa ita ce ta Franchot, wadda ta fito wajen 1836, kuma a ganina ita ce mafi hikima a cikinsu. Babu injin agogo a cikinta. Sifirin ne ke danna fistin a kan mai, man ya bi siririn bututu ya hau. Kowa ya san sifirin ya fi ƙarfi lokacin da aka matse shi, yana saki yana rauni, don haka da an bar shi haka, man zai yi ambaliya da magariba ya ƙafe da asuba. Franchot sai ya zura wata siririyar sanda a cikin bututun. Lokacin da sifirin ke da ƙarfi, sandar ta cika yawancin hanyar, mai na kutsawa da ƙyar. Yayin da fistin ke sauka, hanyar na ƙara buɗewa. Ƙarfi na raguwa, ƙofa na faɗaɗa, abin da ke isa lagwani bai canja ba.

Inda wannan lamari ya zama na rai da mutuwa shi ne hasumiyoyin bakin teku masu nuna wa jiragen ruwa hanya. Augustin Fresnel da François Arago sun ƙera fitila mai lagwani da yawa, wani cikin wani, mai famfo irin na Carcel, aka haɗa ta da gilashin Fresnel da aka fara kafawa a hasumiyar Cordouan a 1823. A irin waɗannan hasumiyoyi an riƙa sa ɗan kofi mai huda a ƙarƙashin rarar man da ke komawa. Muddin famfo na aiki, kofin a cike yake. In ya tsaya, kofin ya tsiyaye ya yi sauƙi, ya saki ƙararrawa ta tada mai gadi.

Kananzir ya sauƙaƙa, ya kuma kawo nasa haɗarin

Abraham Gesner na Kanada ya nuna man fitila da ya tace daga kwal a 1846, shi ne kuma ya raɗa masa sunan da ya zama kananzir a bakinmu. Ignacy Łukasiewicz ya ƙera fitilar man ƙasa a birnin Lviv a 1853, sannan rijiyar Edwin Drake ta fara ba da mai a Pennsylvania a 1859. Kananzir tsinkakke ne, yana hawa lagwani da kansa daga tankin da ke ƙasa. Sannu a hankali fitilun famfo da na sifirin suka zama kayan tarihi. Fitilar ƙwai da rishon lagwani da aka sani a gidajen Najeriya ba su da wata na'urar daidaita mai. Lagwanin ne ke wannan aiki, mai gida kuma ya murɗa shi sama ko ƙasa.

Risho mai famfo, irin wanda aka sha gani a teburin masu shayi, ya samo asali ne daga Primus da Frans Wilhelm Lindqvist ya fito da shi a Suwidin a 1892. Iskar da aka bunƙara a tanki ce ke tura kananzir ta cikin bututu mai zafi, ya fita a matsayin tururi. Shi ma bai cika zama mai sarrafa kansa ba, don matsin na raguwa yayin da mai ke ƙarewa, sai an ƙara buga famfo.

Duk waɗannan kayan an ƙera su ne bisa halin kananzir na gaskiya, wanda ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya kai wajen maki 38 a ma'aunin Salshiyos. Fetur kuwa yana fitar da irin wannan tururi ko a sanyin da ya kai maki 40 ƙasa da sifili. Idan aka gauraya su, sararin da ke saman mai a cikin tanki sai ya cika da tururi mai jiran tartsatsi. Wannan ne ya jawo fashe-fashen fitilu da risho da suka ƙona mutane da dama a jihohin Edo da Legas a 2001. Babu lagwani ko bawul da zai hana wannan, kuma haɗarin ya fi yawa lokacin da aka buɗe tanki ana ƙara mai alhali wuta na ci.

A manyan murahu

Matsalar ta dawo da girmanta a murahun ɗumama gidaje na Turai da Amurka da Japan, da kuma tukwanen masana'antu. A ƙananan murahu ana sa wani ɗan akwati tsakanin tanki da wuta. A cikinsa akwai ƙwallo mara nauyi da ke yawo a saman mai, haɗe da allurar da ke toshe ƙofar shigowa. Mai ya hau, ƙwallo ya hau, allura ta toshe. Mai ya sauka, ta buɗe. Tunda tsayin man cikin akwatin ba ya canjawa, abin da ke fita ta ƙofar da aka saita shi ma ba ya canjawa, ko tanki a cike yake ko ya kusa ƙarewa. Galibi akan ƙara wani makari na biyu da ke datse hanya gaba ɗaya idan datti ya hana allurar rufewa. Makanikan babur da janareto sun san wannan ciwo sarai, don irin wannan ƙwallo ne a kafireto, kuma in allurarsa ta maƙale sai a ga fetur na tsiyaya ƙasa.

Manyan murahu na zamani ba sa jiran mai ya gangaro. Famfon lantarki ne ke matsa shi, a ƙananan na gida da ƙarfin da ya kai kusan ninki bakwai na matsin iskar duniya ko fiye, ya fesa shi ta ƙaramar huda ya zama kamar hazo, tartsatsin lantarki ya kunna. Na'urar auna zafi ce ke ba da umarnin kunnawa da kashewa. Akwai kuma idon lantarki da ke kallon harshen wutar. In bai ga haske ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ya sa bawul ya rufe, na'urar ta kulle kanta har sai mutum ya zo ya duba. Dalilin wannan tsauri shi ne, murhun da ya ci gaba da fesa mai a cikin zazzafan ɗaki babu wuta, bam ne ake haɗawa. Masu aiki da irin waɗannan na'urori kan yi kuskuren danna maɓallin sake kunnawa sau da yawa a jere, kowace dannawa kuwa ƙarin mai ne ke taruwa a ciki.

Baƙin mai da masaƙu da sauran masana'antun Kano da Kaduna suka daɗe suna ƙonawa a tukwanen tururinsu yana da ƙarin sharaɗi. Kaurinsa ya sa dole a ɗumama shi kafin ya bi bututu ya fesu, don haka na'urar na lura da zafin man kansa, ba ta barin a kunna sai ya tsinke yadda ake so.

Mataki na ƙarshe ba ya buƙatar lantarki ko kaɗan. A kan bututun da ya taso daga tanki akan sa bawul da sifirin ke son rufewa, amma wani ɗan ƙarfe mai saurin narkewa ya riƙe shi a buɗe. Irin wanda aka fi amfani da shi a gidajen Amurka yana narkewa ne a wajen maki 74. Idan gobara ta tashi kusa da murhu, ƙarfen ya narke, sifirin ya rufe hanya, man da ke tanki ya tsaya a inda yake.