Mayar da kwal iskar gas: yadda ake yi da inda ake yi

Mayar da kwal iskar gas hanya ce ta sarrafa kwal a masana'anta domin a samu makamashi mai tsafta fiye da wanda ake samu idan an ƙona shi kai tsaye. Kwal ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, ya bambanta da gawayin itace da ake sayarwa a kasuwannin Isa, Sabon Birni da Kamarawa.

Ana niƙa kwal a zuba shi cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a hura masa tururi da iskar oksijin kaɗan, wadda ba ta isa ta ƙone shi ƙurmus ba. Zafin yana haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyas, a wasu na'urorin har ya kai 1,400. A nan kwal ke rikiɗa ya zama cakuɗen iska biyu, haidurojin da kabon monoksayid. Daga nan sai a tace ƙura, kwalta da farar wuta. Da wannan iska ake samar da lantarki, da amoniya ta yin takin yuriya, da man fetur da dizal.

A shekarar 1792 William Murdoch ya haskaka gidansa a Ingila da gas ɗin kwal, kuma a 1812 aka kafa kamfanin gas na farko a Landan. A shekarun 1920 Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka gano yadda ake mayar da iskar zuwa man ruwa. Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya fara aiki da wannan dabara a Sasolburg a 1955, ya faɗaɗa a Secunda a farkon shekarun 1980. Yau ƙasar Sin ce ke kan gaba, musamman wajen yin taki.

A Nijeriya an gano kwal a yankin Udi a 1909, aka fara haƙa a Inugu a 1916. Akwai shi a Okaba ta jihar Kogi da Maiganga ta jihar Gombe, inda kamfanin simintin Ashaka ke haƙowa don hura wutar masana'antarsa. Ga mutanen Gobir, kwal na Jamhuriyar Nijar ya fi kusa. Kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, yana haƙar kwal a Anu Araren ta jihar Agadas, yana ba garin Agadas da mahaƙan yuraniyom na Arlit lantarki. Akwai kuma kwal a Salkadamna ta jihar Tawa, inda aka daɗe ana shirin gina tashar lantarki. Nijar na gasa wani ɓangare na kwal ɗinta don girki, da nufin rage sare itatuwa. A duk waɗannan wurare ƙona kwal ake yi ko gasa shi, ba mayar da shi gas ba.

Dalilan a fili suke. Masana'antar na cin jari mai yawa da ruwa mai yawa, ga shi ruwa ya yi ƙaranci a gefen hamada. Tana fitar da iskar kabon dayoksayid mai ɗumama duniya, sai in an kama ta, kamar yadda masana'antar Great Plains ta Dakota ta Arewa a Amurka ke tura tata ta bututu zuwa rijiyoyin mai na Kanada tun shekarar 2000. Kabon monoksayid kuma guba ce marar launi, marar wari. Sannan Nijeriya na da iskar gas ta ƙasa mai yawa, kuma da ita masana'antun taki na Dangote da Indorama ke aiki, domin ta fi arha.