Acetazolamide: Aikinsa, illolinsa da lambobin da asibiti ke rubuta su da su

Acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, magani ne mai sa yawan fitsari da aka fara amfani da shi a shekarun 1950. Yana toshe wani sinadarin jiki mai suna carbonic anhydrase, sai ƙoda ta riƙa zubar da gishiri da ruwa, ido kuma ya rage ruwan da yake samarwa. Shi ya sa likitocin ido ke ba masu hawan jinin ido ƙwayarsa mai miligiram 250.

Illolinsa

Mai shan sa kan ji tafin hannu da ƙafa na tsikari, lemon kwalba ya sauya masa ɗanɗano. Idan abin ya yi tsanani, sinadarin fotasiyam yakan ragu, jini ya yi tsami, ko tsakuwa ta taru a ƙoda. A gari irin Gummi, inda zafin bazara kan kai digiri 40, ɗan kasuwar da ya wuni a rana ko mai azumi na iya rasa ruwan jiki da wuri. Likitoci na taka-tsantsan da masu sikila da waɗanda jikinsu ba ya karɓar dangin salfa irin su Septrin, kuma ba a ba mai ciwon ƙoda ko hanta mai tsanani. Wannan ya shafi yankin musamman, domin gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, tana lalata ƙoda.

Lambobin rajista

Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya raba lamarin biyu. Idan an sha fiye da kima ko an sha bisa kuskure, ana rubuta T50.2, a haɗa da X44 in ba da gangan ba ne, ko X64 in mutum ya nufi cutar da kansa. Idan kuwa an bi umarnin likita amma maganin ya yi illa, ana rubuta ciwon da ya bayyana tare da Y54.2.

Bambancin ya dogara ne kan abin da majinyaci ya faɗa. Wanda ya saya a kemis ya ninka ƙwaya, sannan ya ɓoye wa likita, ya sa an ɗora wa magani laifin da ba nasa ba, kuma rahoton da zai isa hukumar NAFDAC ya gurɓata. Don haka ya kamata a je asibiti da kwalin maganin, a faɗi adadin da aka sha da lokacin.