Masu Binciken Hadisi na Zamani da Rabon Mata a Ciki

 Yau hirarmu kan hadisi ce, da yadda malaman jami'o'i suka yi ta muhawara a kansa.

A 1890 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Goldziher, ya yi iƙirarin cewa yawancin hadisai daga baya aka ƙirƙire su. A 1950 Joseph Schacht ya ƙara da cewa isnadi, wato jerin sunayen waɗanda suka ruwaito, shi ma ƙirƙirarsa aka yi. Wannan Schacht har ya zo Arewacin Najeriya a shekarar, yana nazarin kotunan alƙalanmu.

To, ba a bar maganar nan haka ba. A 1953 Muhammad Hamidullah ya buga Sahifar Hammam ibn Munabbih, almajirin Abu Huraira. A 1967 wata mace, Nabia Abbott ta Jami'ar Shikago, ta binciki tsofaffin takardun Larabci, ta nuna cewa tun da wuri ake rubuta hadisi. A 1968 littafin Mustafa al-A'zami ya fito da ƙarin hujjoji. Daga baya Bajamushe Harald Motzki ya riƙa auna isnadi tare da lafazin hadisi, ya gano cewa ruwayoyi da dama sun girmi lokacin da Schacht ya zata.

Ina rabonmu? Malam Akram Nadwi ya tattara tarihin mata malaman hadisi kusan 10,000, aka buga a mujalladi 43 a 2021. Cikinsu akwai Karima al-Marwaziyya, wadda manyan malamai maza suka karanta Bukhari a gabanta a Makka. Mu ma a nan, Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajis ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu.

Ke nan, 'yar'uwa, kulle bai hana neman sani. Yau maganganu na yawo a WhatsApp da sunan hadisi, wasu har aure suke kashewa. Kafin ki tura wa wata, ki tambaya: wa ya ruwaito? A wane littafi? Malamai sun inganta shi? Tambayar da magabatanki mata suka yi ke nan.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa.