Haƙƙin Mai Tafiya a Ƙasa: Nazarin Titin Kasuwanci a Ƙaraye da Rogo

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu fayyace kalmomi uku. Titin kasuwanci shi ne hanyar mota wadda shaguna da rumfuna da 'yan tebur suka jeru a gefenta, har ta zama wurin ciniki ba wurin wucewa kaɗai ba. Mai tafiya a ƙasa kuwa ya haɗa da ɗan makaranta, da tsohuwa mai sanda, da mai talla, da mai tura baro, da gurgu a kan kekensa. Abin da za mu kira gefen titi shi ne filin da ke tsakanin ƙofar shago da bakin kwalta. A kan wannan ɗan fili nazarinmu ya tsaya, domin a nan ake gane ko an gina titi don mutane ko don motoci.

Ƙaraye da Rogo hedikwatocin ƙananan hukumomi ne a yammacin Jihar Kano, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye tun daga 2024. Ƙasa ce ta manoma, ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 tana ciyar da noman rani, ga Rogo tana maƙwabtaka da jihohin Kaduna da Katsina. Saboda haka babban titin kowanne gari yana ɗaukar aiki biyu: motar hatsi tana son wucewa, mai saye yana son tsayawa. Shirin titin kilomita 5 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara a ƙananan hukumomi tsakanin 2011 da 2015, wanda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shi, ya zo da tagwayen hanyoyi da magudanan ruwa da fitilu. Alheri ne, sai dai faɗin kwalta yana ƙara wa direba gudu, yana kuma tsawaita tazarar da yaro zai tsallaka.

Muna iya raba gefen titi kashi uku. Na farko shi ne bakin shago, inda mai tireda yake baje kaya, tela yake ajiye keke. Na biyu hanyar ƙafa ce, wadda ya kamata ta zama a sarari, faɗinta ya isa mutum biyu su gifta ko da ɗaya yana ɗauke da kaya. Na uku shi ne bakin kwalta, mazaunin bishiyoyi da turakun fitila da wurin tsayawar 'yan acaɓa. Idan ba a shata waɗannan iyakoki ba, na farko da na uku sukan cinye na tsakiya, sai mai tafiya ya gangara kan kwalta yana gogayya da mota.

Gyaran kuma iri huɗu ne, kuma a jere suke bisa muhimmanci. Na farko rufe lambatu, wato magudanar ruwan gefen titi, da silab, wanda shi ne faifan kankare mai ɗaguwa don a iya yashewa kafin damina. Lambatun da aka rufe kansa hanyar ƙafa ne. Na biyu rage gudu ta hanyar tudu da matsallaka a gaban makaranta da masallacin Juma'a da tasha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. Na uku inuwa, kuma darbejiya da maɗaci sun daɗe da tabbatar da juriyarsu a ƙasarmu. Na huɗu haske: fitilar sola, mai aiki da hasken rana, a saita ta ta haskaka gefen titi, inda mai shayi da mai tsire suke kasuwancinsu bayan magariba.

Saura tambayar wanda alhakin ya rataya a wuyansa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da titunan cikin gari da magudanai da fitilu da kasuwanni da tashoshin mota. Amma doka ba ta isa ita kaɗai ba. Korar 'yan tebur ba ta ɗorewa, domin inda ƙafa take bi nan ciniki yake. Abin da ke ɗorewa shi ne a zauna da sarkin kasuwa da dagaci da shugabannin 'yan acaɓa, a ja layi, kowa ya san iyakarsa. Addininmu ya riga ya koya mana cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ce. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe mai sauƙi ne: ranar kasuwa, a duba ko makaho da ɗan jagoransa za su iya tafiya daga tasha zuwa ƙofar masallaci ba tare da sun taka kwalta ba.